Gwaggon Ɗan Takara

Dutsin-Ma, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yarmu Surayya da 'ya'yanta da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar? Ina fatan kana shafa maganin, ba ka tura shi bayan littattafai ba kamar yadda ka saba. Tunda kunnenka ya daina jituwa da waya, na ga gara in koma wa takarda. Ɗanjuma direba ya yi alkawarin zai riƙa kawo maka har ƙofar gida a Tibiri.

Na iso lafiya ranar Alhamis. A bakin iyakar Nijar da Najeriya ba a tsare mu da yawa ba. Daga Katsina muka biyo ta Kurfi, muka shigo Dutsin-Ma bayan la'asar.

Malam, Yaya Rabo ya ji jiki fiye da yadda aka faɗa mana. Ɓarin damansa duk ya shanye, bakin ya karkace, magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma da ƙyar. Da na shiga ya daɗe yana kallona, sannan ya ce "Sakina." Matarsa Kyauta ta fita tsakar gida tana share ido, ta ce wata biyu ke nan bai kama sunan kowa sarai haka ba. Ɗaki biyu suke haya a nan cikin gari tun da ɓarayin daji suka tashe su daga Ɗantutture, damina biyu da suka wuce. Mutumin da ya bar Tibiri shekarar fari da buhu ɗaya a kai, ya share shekara arba'in yana noman wake har aka san shi a kasuwa, ga shi kwance a kan katifa a gidan wani. Ni nake juya shi, ni nake yi masa wanka, don bayan Kyauta ya gaji.

Ka san abin da na tarar a garin? Zaɓe. Saura kwana ashirin su zaɓi shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli. Hotuna a jikin katanga, a jikin itace, har a bayan kurar masu sayar da ruwa. Kuma cikin hotunan har da na ɗanmu Mutawakkil, ɗan Yaya na fari. Ya fito takarar kansila a mazaɓar Ɗantutture a wata ƙaramar jam'iyya. Ka tuna shi, wanda ya zo mana hutu yana ƙarami ya ƙi cin tuwo sai ni na ba shi a baki? Yanzu maganin dabbobi yake sayarwa, yana bin ƙauyuka a kan babur yana yi wa awaki allura, shi ya sa kowa ya san shi. Da ya shigo ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Gwaggo, kin zo mini da sa'a."

Ba sai na ɓoye maka ba, kishi ya kama ni. Kai ka ga yadda na yi ranar da sojoji suka rushe majalisunmu, na kwaso takarduna na kansila daga ofishin magajin gari a cikin leda, na kwana uku ban ci abin kirki ba. Sai ga ni a ƙasar da har yanzu ake kiran talaka ya zo ya dangwala.

To amma mutanen nan ban gane musu ba. Na je sayen kayan miya, na ce wa mai tumatir, "Barkanku da zaɓe." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai an gama." Na ce wa ya ci? Ya ce, "Wanda za a faɗa." Na yi zaton shi kaɗai ne, sai na ji haka a bakin mai nama, haka a bakin matan da ke layin niƙa. Ba fushi suke yi ba ma, Malam. Da fushi ne da na fi ganewa. Kamar dai mutum ya tambaye su labarin bikin da ba a gayyace su ba.

Mutanen Ɗantutture ne kawai suka ɗauki abin da gaske. Kullum da yamma sai su taru ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, waɗanda suka yi gudun hijira nan da waɗanda suke zuwa daga Kurfi. Ina jin su daga ɗaki. Maganarsu ba ta wuce uku: a buɗe makarantar garinsu, a gyara kwalbatin da ruwa ya cinye, a samu masu tsaro su koma gona. Yaya yakan kasa kunne. In ya ji muryar ɗansa ta ɗaga, sai ɓarin bakinsa mai rai ya motsa.

Ka gaishe mini da Surayya, ka ce kada ta bar kajin su shiga rumbu. Ka yi wa Yaya addu'a.

Matarka,
Sakinatu

Dutsin-Ma, ranar Litinin

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Na samu amsarka, na ji daɗi gwiwar ta yi sauƙi. Jikin Yaya yana nan yadda yake, sai dai yana shan kunu sosai in ni na ba shi.

Na yi ɓarna, kuma bakina ne ya jawo, kamar yadda ka sha faɗa mini.

Ranar Laraba aka yi suna a Kurfi, a gidan ƙanen Kyauta. Ta matsa sai na raka ta, muka bar Yaya a hannun Sumayya matar Mutawakkil. Gida ya cika da mata, da yawansu 'yan Ɗantutture. Ana cikin cin abinci sai ga wata shugabar mata ta shigo da 'yan rakiya, ana sauke katan-katan na taliya da sabulu. Ta zo ne a madadin Zaharaddin, abokin hamayyar Mutawakkil. Shi Zaharaddin surukin wani Alhaji Ɗanmusa ne, babban dillalin hatsi, wanda aka ce in bai ɗaga hannunka ba ko mai gadin kasuwa ba za ka zama ba. Aka raba wa kowa, har Kyauta aka ajiye wa a cinya. Shugabar ta ce, "Ku dai ku fito a ga yawanku, sauran aikin namu ne."

Wata mata mai goyo ta tambaya cikin ladabi ko za a buɗe musu makaranta, 'ya'yanta uku suna zaune shekara biyu. Aka bushe da dariya. Shugabar ta ce, "Kansila ne fa, ba gwamna ba."

Nan ne na kasa haƙuri. Ban san sanda na miƙe ba. Na ce ni na riƙe kansila, na san abin da kansila zai iya da wanda ba zai iya ba. Na ba su labarin yadda muka zauna a ƙofar magajin gari kwana huɗu har aka tura malami ƙauyen da ba shi da malami. Na ce kansila ba ya gina makaranta da aljihunsa, amma yana da baki, yana da ƙafa, yana da kujera a inda ake rabon aiki, kuma in bai yi ba ku kuka ɗora shi, ku za ku sauke shi. Sai mata suka hau tafi, mai goyon nan ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Na yi musu godiya irin tamu, na ce marsi. Wallahi Malam na ji daɗi. Na ji kamar an mayar mini da wani abu nawa da aka ƙwace. Ban lura da wayar da aka ɗaga a bayan shugabar ba.

Kwana biyu sai ga ni a wayar kowa. Sun yanke duk abin da na faɗa, suka bar wurin da na ce "mu a wajenmu," da wurin da na ce lakol maimakon makaranta, da marsi ɗin ƙarshe. A ƙasa aka rubuta: an fara shigo da 'yan Nijar su yi mana zaɓe, ga gwaggon ɗan takara da bakinta. Wata murya kuma tana bi tana cewa uban ma ba ɗan ƙasa ba ne, a bincika, kada a miƙa mazaɓa ga baƙo.

Jiya na fita sayen maganin Yaya, 'yan acaban bakin hanya suka hau kira, "Lakol, ina zuwa?" Mai tumatir ɗin nan da ke wasa da ni ya zuba mini bai ɗago ba. Hausarsu Hausata, abincinsu abincina, kakanninmu daga wannan ƙasar ta Katsina suka tashi, kai ka koya mini tarihin. Mako ɗaya da ya wuce baƙuwar Malam Rabo ce ni, ana yi mini sannu da hanya. Yau mutanen da suka ce zaɓen bai dame su ba sun samu abin da ya dame su.

Da yamma Mutawakkil ya same ni ina wanke kayan babansa. Ya tsuguna, bai ɗaga murya ba, bai zarge ni ba. Ya ce, "Gwaggo, don Allah ki daure ki zauna a gida zuwa bayan zaɓe. In baƙi suka shigo, ki bar Inna ta amsa." Idonsa ya faɗa, ya rame. Na ce masa uwarka 'yar Kurfi ce, a nan aka yanke cibiyarka, ba dokar da ta hana ka. Ya ce, "Ba doka ake bi ba, Gwaggo."

Na ce to. Ai ni na jawo. Yanzu daga ɗaki sai tsakar gida.

Ka gaida kowa. Kada ka faɗa wa Surayya wannan, za ta ce in dawo.

Taka,
Sakinatu

Dutsin-Ma, ranar Lahadi

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. Ni lafiyar jiki ina da ita, alhamdu lillahi.

Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa.

Ranar Alhamis dattawan mazaɓa suka kira taro a Kurfi, suka ce Mutawakkil ya zo ya wanke kansa a kan maganar da ke yawo. Ya tafi tun safe. Bayan azahar na gama yi wa Yaya wanka, ina shafa masa mai a ƙafa, sai Sumayya ta shigo da murna, ta ce an turo mata jawabinsa, an ce ya burge. Ta ce bari Baba ya ji ɗansa. Yarinyar ba ta saurara ba kafin ta kunna, ba ni da abin da zan riƙe ta da shi. Ta ajiye wayar a kan matashin Yaya, Kyauta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

Da farko maganar makaranta ce da kwalbati. Sai wani ya katse shi ya ce, "Matar nan fa?" Sannan muryar ɗanmu, a natse, ba ko rawa:

"Jama'a, mahaifina a ƙasar nan aka haife shi, ba mu da kowa a Nijar. Matar da kuka gani ba jininmu ba ce. Mai jinya ce muka ɗauko ta kula da tsoho, yara ke ce mata Gwaggo don girmamawa. Abin da ta faɗa ba da yawuna ta faɗa ba."

Aka yi kabbara, aka yi tafi.

Ƙafar Yaya tana kan cinyata a lokacin. Man yana hannuna. Na dubi kaina, ɗaurin ƙirji, hannu duk mai, ga tasar wanka a gefe, na ga ai duk wanda ya leƙo zai ce yaron gaskiya ya faɗa.

Sumayya ta wawuri wayar tana salati, ta rasa inda ake kashewa. Yaya ya yi wani sauti daga maƙogwaro wanda ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Hannunsa na hagu ya damƙi gefen katifa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, yana son ya faɗi wani abu, bakin ya ƙi. Ya yi ta ƙoƙari har yawu ya zubo. Na goge masa. Kyauta ta zame ta zauna a dokin ƙofa, ta ce, "Har da ubansa ya sake wa wurin haihuwa."

Ranar Yaya bai sha kunu ba, washegari ma cokali biyu.

Malam, na yi ta ba yaron uzuri a raina. An matsa shi a gaban jama'a. Mutanen ƙauyensa sun ɗora masa burinsu. Ni na buɗe bakin da ya jawo. Duk na sani. Amma da ya ce baƙuwa ce ta zo dubiya, da na shanye. Shi ya zauna ya zaɓi kalmar. Ya san ni nake kwashe abin da babansa ya yi a kwance, da hannun nan, don uwa ɗaya ta haife mu, shi ne ya ɗauki wannan ɗin ya mayar da shi aikin haya.

Kwana uku ke nan bai shigo ɗakin ba. Yakan tsaya a tsakar gida ya tambayi uwarsa jikin Baba, ta amsa masa da kalma ɗaya, ya fita. Na haɗa kayana ranar Juma'a. Yaya ya bi jakar da ido, sai na mayar da ita ƙarƙashin gado.

Masu taruwa a ƙarƙashin dogon yaro sun ragu. Ban sani ba ko don sun yarda da maganar Nijar ne, ko don sun ji amsar.

Ka sa ni a addu'a, zuciyata ba ta da kyau a kwanakin nan.

Matarka,
Sakinatu

Dutsin-Ma, ranar Litinin

Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida duka. Na ga abin da ka rubuta, cewa in bar wa Allah. Ina ƙoƙari.

An yi zaɓen shekaranjiya, kuma na je na gani da idona, ko da yake an ce kada in fita. Kyauta ce ta ce za ta je ta dangwala, ta ce ba don shi ba, don gonarsu. Ba ta iya doguwar tafiya ita kaɗai, ni kuma na ce tunda an riga an sallame ni daga dangi, ba wanda zan ɓata wa. Muka bar Yaya da Sumayya, muka kwana a Kurfi ranar Juma'a saboda ranar zaɓe ana hana motoci. Da sassafe babura biyu suka kai mu Ɗantutture.

Rabon da in ga garin tun auren Mutawakkil. Rabin gidajen ba ƙofofi. Gidan Yaya rumbuna biyu sun rufta, ciyawa ta bushe a tsakar gida har gwiwa. Kyauta ta leƙa ɗakinta ta fito, muka wuce.

Amma filin makarantar, Malam! Mutane sun dawo. Daga Kurfi, daga Dutsin-Ma, wasu aka ce daga Katsina suka kwana a hanya. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, wani an ɗauko shi a amalanke. Tun kafin rana ta yi zafi suka ja layi biyu da kansu, ba ɗan sanda ba kowa. Halin aiki bai bar ni ba, na ƙirga, na wuce ɗari uku na daina. Ana ta gaishe-gaishe, waɗanda suka shekara biyu ba su haɗu ba suna tambayar juna wa ya rasu, wa ya haihu. Mai goyon nan ta gidan suna tana gaba-gaba a layin mata.

Na ja mayafi na zauna a gindin wata tsamiya, na ƙudurta ba zan buɗe baki ba. Sai wani tsoho ya dogara sanda ya tsaya a kaina, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ke ƙanwar Rabo ce. Goshin nan na gidanku ne." Ya ce shi ne Malam Sa'idu, shi ya ba Yaya aron gonar farko shekarar da ya zo, a zaurensa ya kwana wata bakwai. Ya ce, "Duk wanda ke filin nan ya san daga inda Rabo ya zo. Mun ba shi gona mun sani, mun ba shi mata mun sani. Yaron nan da ya tashi ya ce e, ubana mutumin Tibiri ne, ga gwaggota, da ba wanda zai bar layin nan. Ni yau zan dangwala masa don makaranta, amma na daina ba shi hannu." Ya kira matansa suka zo suka gaishe ni, aka kawo mini fura. A nan ne kukan da ban yi a Dutsin-Ma ba ya zo.

Rana ta take, ba akwatin zaɓe, ba malaman zaɓe. Aka ce suna hanya. Aka yi azahar a filin, aka koma layi. Mutawakkil yana ta kai da kawowa da waya a kunne, rigarsa ta jiƙe. Sau ɗaya idonmu ya haɗu, ya juya kamar an kira shi. Aka ce motar ta lalace. Aka ce an ga ƙurarta. Layin ya koma zaune, kowa a inda yake, don kada a ce ya bar wurinsa.

Dab da la'asar wani ya iso a kan babur ya ce wai saboda tsaro an haɗe rumfunan mazaɓar a wuri ɗaya cikin Kurfi, an yi zaɓe tun safe, har an rufe. Ba wanda aka faɗa wa. Na jira a yi ihu, a yi zagi, a tare hanya. Samari kaɗan suka ɗaga murya, dattawa suka ce a dubi rana, in ta faɗi ba mai iya bin hanyar nan. Shi ke nan. Mutum ɗari uku suka karkaɗe riguna suka fara neman abin hawa. Wata tsohuwa kusa da ni ta kwance bakin zanenta, ta fito da katinta na zaɓe a naɗe cikin leda, ta nuna mini, ta ce, "'Yar nan, to yanzu wa zan ba?" Na ce ta mayar ta ɗaure. Ta mayar, ta yi masa ƙulli biyu.

Jiya da hantsi rediyo ta faɗi sakamako. Zaharaddin ƙuri'a dubu huɗu da wani abu, Mutawakkil goma sha tara. Kyauta tana tankaɗe, ko tsayawa ba ta yi ba. A kan titi an ɗan yi hon na rabin awa, mai tumatir ya buɗe rumfarsa, ya ce mini, "Hajiya, ba na faɗa miki ba?" Ya ƙara mini albasa biyu. Ya manta ma yana fushi da ni.

Kada ka tambaye ni tsakanin namu da nasu wanne ya fi. Mu an ce mana babu, mun koma gida mun yi kuka. Su an sa tsohuwa ta bi hanyar da ake sace mutane, ta wuni a rana ba ci.

A gaida Surayya da yara.

Taka,
Sakinatu

Dutsin-Ma, ranar Alhamis

Maigidana Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya. Za ta riga ni da kwana biyu, in Allah ya yarda ranar Asabar ina tafe a motar Ɗanjuma. Ƙanwar Kyauta za ta zo daga Karofi ta karɓe ni, na nuna wa Sumayya yadda ake juya Yaya ba a ja masa kafaɗa ba.

Jiya da hantsi motoci uku suka tsaya a ƙofar gida. Alhaji Ɗanmusa ne da sabon kansila, sun zo dubiya. Mutawakkil ne ya shigo da su har ɗaki, karo na farko da ya taka ɗakin tun ranar. Na tashi zan fita, Alhajin ya ce a'a, ai wurina ma suka zo. Dattijo ne mai fara'a, mai taushin murya, in ka gan shi a masallaci sai ka so ka zauna kusa da shi. Ya rage tsawo ya ce, "Gwaggo, ina kwana. Yaya jikin yayan naki? Ai Malam Rabo namu ne, tare muka ci kasuwar wake tun yana sabon zuwa. Abin da yara suka yi a waya a yi haƙuri, siyasa ce, ta wuce." Zaharaddin ma ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, a sa mana albarka." Ya ce jawabina na gidan suna ya ji shi duka, ya ƙaru sosai.

Su suka kira ni Gwaggo, Malam, a gaban ɗan da ya ce a haya ya ɗauko ni. Shi yana tsaye jikin bango yana kallon ƙasa.

Kafin su tafi Alhajin ya shaida wa Yaya cewa ba za a bar yaro mai jama'a haka ya zauna ba, kansila zai ɗauke shi ya riƙa taimaka masa a ofis, kuma yaron ya amsa. Yaya ya rufe ido, bai buɗe ba sai da ya ji tashin motoci. Ban san abin da za a faɗa wa mai goyon nan ba. Kyauta ta ce wataƙila ta haka makarantar za ta samu. Ban yi mata musu ba, uwa ce.

Bayan la'asar Mutawakkil ya dawo shi kaɗai da turmin atamfa a leda. Ya durƙusa a gabana, ya ajiye, ya ce, "Gwaggo, na yi kuskure. Na ɗauka in na ci zan gyara komai, har da wannan." Ya yi kuka sosai, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Na tambaye shi abu ɗaya, na ce da ka ci fa, da yaushe zan koma gwaggonka? Ya ƙura wa ledar ido.

Yaya yana kallona daga kan katifa. Ya miƙo hannun hagu ya kama bakin zanena yana ja, yana duban ɗansa, yana dubana. Na san abin da yake roƙo. Mutumin nan ba shi da sauran gona, ba shi da baki, ba na jin zan sake ganinsa a duniya. Na ɗora hannu a kan yaron na ce na yafe, Allah ya yi maka albarka. Yaya ya saki zanen. Da yamma ya shanye kofin kunu duka.

Atamfar na bar wa Sumayya.

Kai kaɗai nake faɗa wa, Malam: ban yafe ba. Na faɗa da baki don yayana ya samu ya ci abinci. Ina roƙon Allah ya kawo ranar da zuciyar za ta bi bakin, amma ba ta zo ba tukuna, kuma ba na so in iso ka fara yi mini wa'azi a kai. Ka bar ni in huta kwana biyu tukun.

Ka ce wa Surayya ta share mini ɗaki. Sai na iso.

Matarka,
Sakinatu